Cizon Farce: Musabbabinsa, Illolinsa da Hanyar Rabuwa da Shi

Tsakure

Cizon farce ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, wadda iyaye da malamai suka fi ɗauka a matsayin ƙazanta ko rashin ji, suna tunkarar ta da tsawa, duka ko shafa ɗaci a yatsa. Wannan maƙala ta bibiyi binciken da masana halayyar ɗan'adam da likitoci suka wallafa tsakanin 1971 da 2023 domin amsa tambayoyi uku: me ke kai yatsa baki, wace illa hakan ke yi, kuma wace hanya ce gwaji ya tabbatar tana raba mutum da ɗabi'ar. Bitar ta nuna cewa gundura da takaicin aiki mai wuya ne suka fi tayar da ita, kuma galibi mai yin ta bai san yana yi ba. Hanyar juya ɗabi'a, wadda ta ginu a kan farkar da hankali da ba hannu wani aiki, ita ce ta fi ƙarfin hujja. Maƙalar ta kawo yadda za a zaunar da wannan hanya a gidajen Hausawa da abubuwan da aka riga aka saba da su.

Fitilun kalmomi: cizon farce, sabo, juya ɗabi'a, gundura, tsabtar hannu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kula da ɗalibai a zauren jarrabawa ya san wannan yanayi. Ɗaliba ta tsaya a kan tambayar da ta ƙi warwaruwa, biro a hannun dama, babban yatsan hagu yana shafa gefen sauran faratan ɗaya bayan ɗaya. Da ya ci karo da ɗan kaushi sai ya tsaya. Hannu ya tashi, haƙoran gaba su kama, idonta kuwa bai bar takarda ba. In aka yi mata magana sai ta dubi yatsan da mamaki, domin ba ta san lokacin da ya isa bakinta ba.

Likitoci na kiran wannan ɗabi'a onikofajiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar farce da ci. Kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, ya sa ta a rukuni ɗaya da tsotson yatsa da ƙwaƙwular hanci, cikin matsalolin da kan fara tun yarinta. A 2013 kuma kundin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ambace ta cikin ɗabi'un da mutum ke maimaitawa a jikinsa, tare da cizon leɓe da taunar kumatu. Sai dai kundin bai mayar da kowane mai cizon farce majinyaci ba. Abin yana zama larura ne idan mutum ya sha ƙoƙarin bari ya kasa, kuma ɗabi'ar tana jawo masa damuwa ko cikas a rayuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa matsalar ta sabo ce da rashin ankara, don haka maganinta yana wurin horar da hankali da hannu.

2.0 Dabarar Bincike

An bi hanyar bitar rubutattun ayyuka. An zaɓi nau'i uku: binciken da ya auna yawan masu ɗabi'ar, gwajin da ya sa mutane cikin yanayi daban-daban don ganin abin da ke tayar da ita, da gwajin da ya kwatanta hanyoyin magani ta raba mahalarta rukuni-rukuni. An fifita na ukun wajen yanke hukunci, saboda shi kaɗai ke iya raba tasirin magani da sauƙin da kan zo da kansa.

3.0 Yaɗuwa da Musabbabi

Cizon farce ba kasafai yake bayyana kafin shekara uku ko huɗu ba. Bitar Leung da Robson ta 1990 ta kawo cewa kashi 28 zuwa 33 cikin 100 na yara 'yan shekara 7 zuwa 10 suna yi, adadin kuma yana kaiwa kashi 45 a lokacin balaga kafin ya fara sauka. A birnin Shiraz na Iran, Ghanizadeh da Shekoohi sun bincika 'yan firamare 743 a 2011, suka sami kashi 22.3. Bambancin alƙaluman na da nasaba da yadda kowane bincike ya fassara ɗabi'ar, amma duk sun haɗu a kan abu guda: a ajin yara 40, ba abin mamaki ba ne a sami 10 masu yi.

Akwai gado a ciki. Binciken Bakwin na 1971 a kan tagwaye ya nuna cewa idan ɗaya yana cizon farce, samun ɗan'uwansa yana yi ya kai kashi 66 a tagwayen ƙwai ɗaya, kashi 34 kuma a na ƙwai biyu. Ooki ya sake duba batun a tagwayen Japan a 2005, ya ƙiyasta cewa gado ke ɗauke da kusan rabin bambancin da ke tsakanin yara. Sauran rabin na muhalli ne da koyi, kuma nan ne tarbiyya ke da ta cewa.

An daɗe ana danganta ɗabi'ar da fargaba kaɗai, amma gwaji ya faɗaɗa fahimtar. A 2007 Williams, Rose da Chisholm sun sa ɗaliban jami'a 40 masu cizon farce cikin yanayi huɗu: zama su kaɗai ba aikin yi, warware lissafi, hira ba yankewa, da tsawatarwa duk lokacin da suka ciji farce. Cizon ya fi yawa a zaman kaɗaici da lokacin lissafi. A 2015 Roberts, O'Connor da abokan aikinsu a Montreal ta Kanada sun gwada mutum 48, rabinsu masu irin waɗannan ɗabi'u. Sha'awar aikata ɗabi'ar ta tashi a yanayin gundura da takaici, ta kwanta a lokacin da suke kallon bidiyon igiyar ruwa cikin natsuwa. Masu binciken sun danganta haka da halin mutumin da ba ya jure zama haka kawai, mai saurin ƙosawa idan aiki bai tafi yadda yake so ba.

Ke nan cizon yana biya wa mai yin sa wata buƙata. Yana motsa wanda ya gundura, yana sassauta wa wanda ya takura. Wannan ɗan sauƙi na daƙiƙoƙi shi ne ladan da ke ƙarfafa sabon. Sannan ɗabi'ar tana ciyar da kanta: haƙori ba ya yanka daidai, yana barin kaushi da tsiron fata, kaushin kuma shi ne abin da yatsa zai lalubo gobe.

4.0 Illoli

Illa ta kusa tana kan yatsa. Yawan cizo na yage fatar da ke rufe gindin farce, ƙwayoyin cuta na baki da na fata su sami ƙofa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Wanda ya taɓa kwana da zogin ɗan karkare ya san abin da ƙaramin rauni a yatsa ke iya zama. A baki kuma ana samun gutsurewar haƙoran gaba, rauni a dasashi da ciwon mahaɗar muƙamuƙi. Odenrick da Brattström sun nuna a 1985 cewa saiwar haƙori ta fi zaizayewa a masu cizon farce da ake yi wa gyaran jerin haƙora.

Illa ta biyu ita ce abin da farce ke kaiwa ciki. A Turkiyya, Baydaş da abokan aikinsa sun gwada miyau a 2007, suka sami ƙwayoyin cutar hanji a bakin kashi 76 na masu cizon farce, kashi 26.5 kawai a waɗanda ba sa yi. Ƙarƙashin farce kuma maɓoya ce ta ƙwan tsutsar ciki. Wannan ya shafi yaran da ke wasa a ƙasa inda ruwan wanke hannu ke da wuya, ya kuma fi tsanani inda ƙasar ke da guba. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta shiga jikin yara ne musamman ta ƙurar da suke haɗiya, hannu zuwa baki kuwa babbar hanya ce ta haɗiyar ƙura.

Adalcin bincike ya wajabta a ambaci wani sakamako. A Dunedin ta New Zealand an bi mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Rahoton 2016 ya nuna cewa a shekara 13, gwajin fata ya nuna alamar alaji a kashi 38 na masu tsotson yatsa ko cizon farce, kashi 49 a sauran. Amma ba a ga bambanci a asma ba, masu binciken kuma ba su ba da shawarar a ƙarfafa ɗabi'ar ba.

Akwai kuma illar da ba a aunawa da na'ura: budurwar da ke dunƙule hannu a gaban mai lalle, da saurayin da ke jin nauyin miƙa hannu a gaisa.

5.0 Hanyoyin Magani a Ma'aunin Gwaji

5.1 Tsawa da ɗaci

A gwajin Williams na 2007 tsawatarwa ta rage cizon a daidai lokacin da ake yin ta, domin ta dawo da hankalin mutum kan hannunsa. Matsalar ita ce mai tsawar ba ya bin yaro ɗaki ko aji, kuma kunyatarwa tana ƙara takaicin da ke tayar da ɗabi'ar. Ɗaci ma tunatarwa yake yi. Man farce mai ɗaci da ake sayarwa yana ɗauke da sinadarin denatoniyam, wanda aka gano a Edinburgh a 1958. Koritzky da Yechiam sun kwatanta shi a 2011 da warwaron da ba ya ciruwa, wanda aikinsa tunatarwa kawai, a kan mutum 80. Kashi 26 na masu ɗacin sun janye kafin ƙarshe, kashi 12 kawai na masu warwaro. Ɗacin ya yi aiki ga waɗanda suka jure, amma mutane da yawa ba sa jurewa.

5.2 Juya ɗabi'a

A 1973 Azrin da Nunn suka fito da wannan hanya a Illinois ta Amurka, bayan gwada ta a kan mutum 12. Tana da ginshiƙai uku. Na farko farkar da hankali: mutum ya bayyana ɗabi'arsa daki-daki, ya san wuraren da take kama shi, ya koyi gane alamarta ta farko, wato shafar gefen farce ko tasowar hannu. Na biyu kishiyar motsi: da ya ji alamar, sai ya dunƙule hannu ko ya riƙe wani abu gam na minti ɗaya zuwa uku, har sha'awar ta wuce. Na uku mataimaki: wani na kusa da zai tunatar da shi a hankali, ya kuma yaba masa idan ya yi daidai.

A 1980 Azrin, Nunn da Frantz suka kwatanta ta da wata tsohuwar hanya ta maimaita ɗabi'ar da gangan. Juya ɗabi'a ta rage cizon da kusan kashi 99 har tsawon wata biyar, ɗayar kuma kusan kashi 60. Twohig da abokan aikinsa sun auna faratan da kansu a 2003: tsawonsu ya ƙaru da kashi 22 a rukunin juya ɗabi'a, kashi 3 a rukunin da aka tattauna matsalar kawai. A 2023 Moritz da abokan aikinsa a Hamburg ta Jamus sun gwada wani salo mai sauƙi a kan mutum 268, inda mutum ke shafa kan yatsunsa ko tafinsa a hankali aƙalla sau biyu a rana da duk lokacin da sha'awar ta taso. Bayan mako shida kusan kashi 53 sun ce sun sami sauƙi, kashi 20 a rukunin da aka bari yana jira ba a koya masa salon ba.

5.3 Ƙwayoyi

Hujjar ƙwayoyi ba ta da ƙarfi. A gwajin Leonard da abokan aikinta na 1991, maganin kulomifiramin ya rage cizon, amma 14 ne kawai cikin 25 suka kammala. A gwajin Ghanizadeh na 2013 a kan yara 42, amfanin da aka gani daga wani sinadari a wata na farko ya ɓace a na biyu. Ganin likita ya zama dole idan yatsa na yawan jini ko mugunya, ko kuma yaro na da wasu alamu kamar kasa natsuwa da tsananin fargaba.

6.0 Zaunar da Hanyar a Gida da Makaranta

Ginshiƙan juya ɗabi'a guda uku suna da gurbi a rayuwar Bahaushe. Yanke farce na cikin sunnonin fiɗira, hadisin Anas a Sahihu Muslim kuma ya iyakance barinsa da kwana 40. Gidan da ya mayar da yankan farce aikin kowace Juma'a, aka goge bakinsa ya yi sumul, ya kawar da kaushin da ke fara komai. Ya fi kyau kowa ya mallaki abin yankansa, domin almakashin da ya zaga yatsun jama'a na iya ɗaukar cutar da ke bin jini.

Ga babba, carbi kishiyar motsi ce da ba ta jawo ido a ko'ina. Ga ɗalibi, riƙe biro gam ko dafa cinya da tafi ya wadatar. Ga mata da 'yan mata, lalle na yin aikin warwaron tunatarwa, kuma ba ya hana ruwan alwala isa ga farce kamar yadda man farce mai ɗaci ke yi idan ya bushe. Barkono kuwa a nisanta shi da yatsun yaro, domin hannun da ke zuwa baki yana zuwa ido.

Mafi muhimmanci shi ne harshen mataimaki. Uwar da ta saba cewa "Cire hannunka, ƙazami!" a gaban baƙi za ta fi cin nasara idan suka yi yarjejeniya da ɗanta a kan wata alama ta sirri, kamar taɓa kafaɗa, sannan ranar Juma'a ta kama hannunsa ta ce, "Kai, madalla, dubi wannan ya fito." Haƙuri kuma wajibi ne. Farcen hannu na tsirowa kimanin milimita 3.5 a wata, kuma yakan ɗauki kusan wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya. Komawa ga cizon sau ɗaya ko biyu a wannan tsakani ba faɗuwa ba ce.

7.0 Kammalawa

Bitar ta nuna cewa cizon farce sabo ne mai tushe a gado da yanayi, wanda gundura da takaici ke tayarwa, kuma yana gudana ba da sanin mai shi ba. Ana cewa hali zanen dutse, amma gwaje-gwajen rabin ƙarni sun nuna wannan ɗabi'a tana goguwa idan aka koya wa mutum ya kama hannunsa tun yana hanya. Maƙalar na ba da shawarar a shigar da ginshiƙan juya ɗabi'a cikin darasin kiwon lafiya na firamare da islamiyya, a kuma gudanar da gwaji a makarantunmu da zai auna tasirin yankan farce na mako-mako, lalle da alamar sirri tsakanin uwa da ɗa, ta hanyar auna tsawon farce da ma'auni kafin farawa da bayan wata shida.