Kwat da kadigan a kan doguwar riga: suturar ofis ta mata

Kwat, wadda ake kira veste da Faransanci, da kadigan, wato saƙaƙƙiyar suwaita mai buɗaɗɗen gaba, tufafi ne da mata ma'aikata ke ɗorawa a kan doguwar riga.

Asali

Kadigan ta samo sunanta daga Lord Cardigan, hafsan sojan Birtaniya da ya yi suna a yaƙin Kirimiya a 1854. Coco Chanel ta ƙasar Faransa na cikin waɗanda suka yaɗa ta tsakanin mata a shekarun 1920.

Amfani

A Yamai, N'Djamena da Marwa, zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, alhali ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki suna da sanyi. Rigar sama ita ce mafita: a saka a ciki, a cire a waje. Kwat ta fi dacewa da taro da ganawar neman aiki, kadigan kuma da aikin yau da kullum da safiyar hunturu.

Yadda ake zaɓe

Atamfa mai yawan zane tana son kwat mai launi ɗaya, kamar baƙi, toka-toka ko shuɗi mai duhu. Riga mai faɗin ƙasa tana tafiya da kwat iya ƙugu, miƙaƙƙiyar riga kuma da doguwar kadigan. A fara duba kafaɗa wajen saye, domin nan ne ya fi ba tela wahalar gyara. Auduga da lilin sun fi foliyesta shan iska.

Ajiya

Kwat a rataye ta, kadigan a ninke ta, don ratayewa na sa ta saki.