Tsibirin Santa Helena da awon nisa

Ƴan'uwa ɗalibai, a Hausar da munka tashi da ita a Arewa, ba a auna nisa da kilomita. Tsohuwa ta ce maka "tahiyar kwana biyu ce", bafatake kuma ya ƙirga zango. Ni da ke karatun harshe, ina ganin wanga awo ya fi na taswira faɗin gaskiya, kuma tarihin Santa Helena ya ishe mu shaida.

Ɗan tsibiri ne a tsakiyar tekun Atlantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, mutanensa ba su kai dubu biyar ba. Ingila ta gane cewa wuri irin wannan kurkuku ne da ba ya buƙatar ganuwa. A 1815, bayan an ci Napoleon da yaƙi a Watalu, can anka kai shi. Sai da ya yi wajen mako goma bisa ruwa, kuma can ya mutu a 1821. Wanda littattafan lakkwal ba su cika ambata ba shi ne Dinuzulu, sarkin Zulu, da anka tsare a can tun 1890 har wajen shekara bakwai. Faransa ma ta iya wanga dabara: a 1894 ta kwashi Behanzin na Dahome zuwa Martinik, shekara biyar kafin sojojin Bule da Shanuwan su auka wa Lugu ta Sarauniya. Sarkin da an kashe, sai ya zama abin waƙa. Wanda anka kai bayan teku fa? So ake a manta da shi yana raye.

Har cikin ƙarnin nan, mai zuwa tsibirin sai ya kwana biyar cikin jirgin ruwa daga Kef Tawun. An gama filin jirgin sama a 2016, amma iska mai sauya hanya a bakin dutsen wurin ta hana a fara jigila. Sai ran 14 ga Oktoba 2017 jirgin fasinja na farko mai zuwa a kai a kai ya sauka daga Johanasbag: kilomita wajen 3,700, cikin awa shida, har da tsayawa shan mai a Namibiya. A 2018 anka sallami tsohon jirgin ruwan.

To ku duba. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ba a kai kilomita 300 ba, amma kar yakan ci awa huɗu ko fiye. Wanda ya fito daga ƙauyen Tibiri da damina, ga laka, ga jiran mota, yana iya isa bayan wanda ya bar Johanasbag da safe ya sauka. Su ma ƴan tsibirin ba su tsira duka ba: ran da iska ta tashi sai a ɗage jirgin, matafiya su koma ƙirgar kwana.