Tsakanin Awo da Kunne: Tarihin Masu Sha'awar Kayan Sauti na Gida a Ingila da Amurka, 1947-1982

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani rukunin mutane da ya ɓullo a Ingila da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato masu sha'awar kayan sauti na gida. Burinsu shi ne a saurari faifai a ɗaki kamar makaɗan suna wurin. Za a ga cewa musayar dabaru a tsakaninsu ce ta raya wannan fanni, kuma ita ce ta raba kansu daga bisani.

Zamanin Haɗa Na'ura da Hannu

Yaƙin ya horar da ɗimbin samari kan aikin rediyo da lantarki, suka koma gida da wannan ilmi. A shekarar 1947 wani matashin injiniya, D.T.N. Williamson, ya wallafa zanen amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a mujallar Wireless World ta Ingila. Dabararsa ita ce mayar da wani ɓangare na sautin da ya fita zuwa mashigarsa domin ya gyara gurɓatar da ta auku. Ƙarfin na'urar bai wuce wat 15 ba, amma gurɓatar sautinta ba ta haura kashi 0.1 cikin ɗari ba. Da yake zanen a fili yake ga kowa, sai jama'a suka dinga haɗa ta a gidajensu, suna aika wa mujallu wasiƙu kan matsalolin da suka ci karo da su, musamman wajen naɗin taransifoma.

A shekarar 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda ke juyi 33 da sulusi a minti, yana ɗaukar kiɗan kimanin minti 20 a kowace fuska, alhali tsohon faifan garmaho mai juyi 78 bai wuce minti huɗu zuwa biyar ba. Faifan sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu, ya shiga kasuwa sosai a 1958. Daɗin daɗawa, a 1954 Gilbert Briggs, mai kamfanin lasifika na Wharfedale, ya tara jama'a a zauren Royal Festival Hall na Landan, inda aka riƙa jeranta kiɗan makaɗa da sautin da aka naɗa domin masu sauraro su gwada da kunnensu.

Rabuwar Kai

Tun daga nan tambaya ta taso: da me za a auna nagartar na'ura? Manyan mujallu, irin su Stereo Review, sun dogara ne ga awon ɗakin gwaji. Amma J. Gordon Holt, wanda ya kafa mujallar Stereophile a 1962, yana ganin cewa na'urori biyu kan yi daidai a awo su kuma bambanta a kunne, don haka sauraro ne alƙali. Harry Pearson ya bi wannan tafarki da mujallarsa The Absolute Sound a 1973. Hausawa kan ce gani ya kori ji. Su kuwa waɗannan, a wurinsu ji ne ya kori ganin alƙaluma.

Martani ya fito ne daga cikin masu sha'awar kansu. A ƙarshen shekarun 1970 wata ƙungiyarsu a jihar Mishigan ta rungumi gwajin ABX: a jiyar da mutum na'ura ta ɗaya da ta biyu, sa'an nan a jiyar da shi ɗaya daga cikinsu a ɓoye, a ce ya faɗi wacce ce. Abin da ake nema shi ne a raba abin da kunne ya ji da abin da suna ko tsada suka sa zuciya ta raya. Al'amarin ba na wasa ba ne, domin hukuncin mujalla guda kan sa mutum ya kashe dukiya mai yawa.

Kammalawa

Fitowar faifan CD a 1982 ba ta kashe gardamar ba, sai ma ta buɗe mata sabon babi tsakanin masoya tsohon faifai da masoya sabo. Abin lura a nan shi ne, ɓangarorin biyu tushensu ɗaya: al'adar gwadawa da kai da kuma sanar da 'yan'uwa abin da aka gano, wadda ta kafu tun zamanin zanen Williamson.