Tarihin 'Yan Jarida Masu Zaman Kansu a Fagen Rikici

Ɗan jarida mai zaman kansa shi ne wanda ba ya karɓar albashi daga kowace kafar yaɗa labarai. Aikin jinga yake yi. Yakan tafi inda ake tarzoma ko juyin mulki ko yaƙi da kuɗin aljihunsa, ya ɗauko hoto ko ya rubuto rahoto, sannan ya nemi mai saye. In an saya ya samu na cefane, in ba a saya ba ya tafka asara. In kuwa harsashi ya same shi, sau da yawa jinyarsa da ɗawainiyar iyalinsa sukan faɗa wuyan dangi da abokai.

Marubuta sun saɓa kan mafarin wannan sana'a. Wasu sukan koma yaƙin basasar Sifen, inda Robert Capa da Gerda Taro suka yi ta sayar wa mujallu hotuna, har tankar yaƙi ta take Taro kusa da Brunete a Yulin 1937. Wasu sukan kama daga 1947, shekarar da Capa da abokansa suka kafa kamfanin hotuna na Magnum domin mai hoto ya riƙe mallakar hotonsa. Akwai kuma masu ambaton Biyetnam da Kambodiya, inda Sean Flynn da Dana Stone suka ɓata a Afrilun 1970. Mu a nan mun ga irin nasu a yaƙin basasar Najeriya: Frederick Forsyth ya bar BBC ya koma Biyafara da ƙashin kansa a 1968, kuma littafin da ya fitar a 1969 bai ɓoye goyon bayansa ga jagoran Biyafara Ojukwu ba. Rashin ubangida ba ya hana mutum ɗaukar ɓangare, kuma ya kamata mai karanta Forsyth ya riƙe wannan.

Duk waɗannan ɗaiɗaikun mutane ne. A ganina, sana'ar ta kama ƙasa ne a 1989, lokacin da ƙananan kyamarorin bidiyo suka sa mutum ɗaya zai iya aikin da a da sai da tawaga. A shekarar ce Vaughan Smith da Peter Jouvenal da Nicholas della Casa da Rory Peck suka kafa Frontline News Television a Landan, suna ɗauko hotuna daga Afghanistan da Romaniya da sauran wuraren da manyan gidajen talabijin ke jin tsoron tura ma'aikatansu. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Smith ya yi shigar hafsan sojan Birtaniya ya kutsa fagen daga. An kashe della Casa a arewacin Iraƙi a shekarar. Ranar 3 ga Oktoban 1993, ana tsakiyar takaddamar Shugaba Boris Yeltsin da majalisar dokokin Rasha, magoya bayan majalisa suka nufi gidan talabijin na Ostankino a Mosko, aka buɗe wuta, Peck yana ɗaukar hoto harsashi ya same shi. Matarsa Juliet da abokansa suka kafa gidauniya da sunansa a 1995 don tallafa wa irin waɗannan ma'aikata da iyalansu, abin da kamfanonin da ke sayen aikinsu ba su yi ba. A Afirka ta Kudu ma, a rikicin unguwannin baƙar fata gabanin zaɓen 1994, Greg Marinovich yana mai zaman kansa ya ci kyautar Pulitzer a 1991.

Abin da ya biyo baya kuɗi ne ya jawo shi. Tallace-tallace sun koma intanet, jaridu suka yi ta rufe ofisoshinsu na ƙetare, amma buƙatar labari ba ta ragu ba. Da guguwar sauyi ta taso a ƙasashen Larabawa a 2011, duk matashin da ke da kyamara da kuɗin mota yana iya tsallakawa daga Masar zuwa Bengazi. Ranar 5 ga Afrilu sojojin Gaddafi suka harbe Anton Hammerl na Afirka ta Kudu kusa da Brega, suka kama James Foley da wasu mutum biyu. Sama da mako shida ana shaida wa iyalin Hammerl cewa yana raye, sai da aka sako su Foley gaskiya ta fito. Ranar 20 ga watan kuma aka kashe Tim Hetherington da Chris Hondros a Misrata. Ɓarɓashin bam ne ya huda Hetherington a cinya, jini ya yi ta zuba har ya cika a bayan mota kafin a kai asibiti. Wannan ya sa abokinsa Sebastian Junger ya kafa RISC, domin ta koya wa masu zaman kansu yadda ake ɗaure rauni a tsayar da jini, ta kuma ba su jakar kayan agajin gaggawa.

Siriya ce ta tona asirin cinikin. A Yulin 2013 Francesca Borri 'yar Italiya ta rubuta a mujallar Columbia Journalism Review cewa dala 70 ake biyanta kan kowane rahoto daga Aleppo. A cikin wannan kuɗi za ta biya direba da tafinta da wurin kwana, ba a maganar rigar sulke da inshora. Wanda ba shi da kuɗin amintaccen direba dole ya shiga motar haya, kuma a kan hanya ake sace mutane. An sace Foley karo na biyu ranar 22 ga Nuwamban 2012. Ƙungiyar IS ta fitar da bidiyon kisansa ranar 19 ga Agustan 2014, na Steven Sotloff ranar 2 ga Satumba, na Kenji Goto ɗan Japan a Janairun 2015. Dukkansu masu zaman kansu ne. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya sanar a Satumban 2014 cewa ya daina karɓar aikin baƙin da suka shiga inda shi kansa ba zai tura ma'aikacinsa ba. A Fabrairun 2015 kafafe da ƙungiyoyi suka sa hannu kan ƙa'idojin kare masu zaman kansu a Jami'ar Columbia, daga nan ƙawancen ACOS ya samo asali. Ƙa'idojin suna da kyau, sai dai babu hukunci ga wanda ya karya su.

Yawancin littattafai a nan suke tsayawa, kuma wannan rashin adalci ne. Ƙididdigar Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ta nuna kusan tara cikin goma na 'yan jaridar da ake kashewa 'yan ƙasar da aka kashe su a cikinta ne. A 2007 Taliban ta saki ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo bayan musayar fursunoni, ta yanka tafintansa Ajmal Naqshbandi. Molhem Barakat, yaron da ke sayar wa Reuters hotuna, ya mutu a Aleppo ranar 20 ga Disamban 2013. Rahotanni da yawa sun ce shekarunsa 17, kamfanin ya ce 18, kuma ko wanne aka ɗauka yaro ne. A Masar an kama Mahmoud Abu Zeid, wanda aka fi sani da Shawkan, ranar 14 ga Agustan 2013 yana ɗaukar hoton tarwatsa zaman dirshan na Rabaa a Alƙahira, bai fito ba sai Maris ɗin 2019.

A yankinmu, an kashe Camille Lepage 'yar Faransa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Mayun 2014 tana da shekara 26. An sace Olivier Dubois a Gao ranar 8 ga Afrilun 2021, aka gan shi bayan an sako shi a filin jirgin Yamai ranar 20 ga Maris 2023. Ahmad Salkida, wanda ya daɗe yana bibiyar Boko Haram, ya yi gudun hijira zuwa Dubai a 2013, sojojin Najeriya suka ayyana nemansa a Agustan 2016, ya kuma kafa kafar labarai ta HumAngle a 2020.

A Gaza, tun Oktoban 2023 Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga da kansu, aikin gaba ɗaya ya koma kan Falasɗinawa, da yawansu 'yan jinga. Ranar 25 ga Agustan 2025 hare-haren Isra'ila a asibitin Nasser da ke Khan Yunis suka kashe 'yan jarida biyar, cikinsu har da Mariam Abu Daqqa, mai shekara 33, wadda ke yi wa Associated Press aikin jinga.