Akwatin lasifika: yadda ake haɗa shi a Kaduna, da ƙaryar da ake rubutawa a jikinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandalin Murtala ranar gangamin siyasa ya san cewa tun kafin ɗan takara ya iso akwai waɗanda suka riga kowa hawa dandamali: baƙaƙen akwatuna da aka jera bisa juna hagu da dama, kowanne sai ƙarti biyu sun kama. Daga cikinsu ne gurnanin da ke dukan ƙirji yake fitowa idan aka saki waƙar Rarara ko ta wani mawaƙin jam'iyya. Irinsu ake gani a bayan a-kori-kura tana zagaya Kawo da Unguwar Shanu lokacin kamfe, su ne kuma a wajen biki a Badarawa, da cikin majami'u ranar Lahadi. Da yawansu ba daga wata masana'anta ta ƙetare suka fito ba. Kafinta ne ya yanka katakon a nan cikin gari, mai gyaran rediyo ya ɗaura wayoyin.

Wannan bayani na mai son haɗa nasa ne, da wanda ƙungiyarsu ta ɗora wa alhakin hayar kayan sauti, da kuma wanda tagar ɗakinsa ke kallon filin taro.

Abin da ke cikin akwatin

Lasifikar kanta abu uku ne: maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe da masu gyara ke kira koyil, da faifan takarda mai tauri mai siffar mazurari. Amfilifaya na tura lantarki cikin koyil ɗin, maganaɗisu ya riƙa tura shi yana janyo shi, faifan ya motsa gaba da baya, iska ta girgiza, kunne ya ji sauti. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fitar da wannan tsari a 1925, har yau kuma tushensa bai sauya ba.

Ana auna kaurin sauti da yawan girgizar da yake yi a daƙiƙa ɗaya, wato haz. Lafiyayyen kunnen matashi na ji daga haz 20 zuwa 20,000. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, a mai biyar kuma tana sauka zuwa kusan 31. Tunda sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, zangon girgiza ɗaya ta haz 41 ya haura mita takwas. A nan matsalar take. Idan faifan ya turo iska ta gaba, a daidai lokacin yana janye ta ta baya, kuma sauti mai dogon zango irin wannan yana zagayowa cikin sauƙi, na baya ya cinye na gaba. Shi ya sa idan aka ɗora lasifika mai inci 18 a kan tebur tsirara, sai a ga tana ta rawa amma babu bes. Aikin akwati shi ne ya raba gaban da bayan.

Jitar bes ta lantarki da ta fara karɓuwa a kasuwa ita ce Precision Bass ta kamfanin Fender, a 1951. A 1969 kamfanin Ampeg ya fitar da amfilifayar SVT mai wat 300 tare da akwati mai lasifika takwas 'yan inci goma, wanda har gobe makaɗa ke nema. A Kaduna, makaɗan zamani irin ƙungiyar marigayi Bala Miller sun sa jitoci a waƙar Hausa tun shekarun 1970 da 1980. Yau jitar bes ta fi zama a majami'u da hannun makaɗan otal, domin mawaƙan nanaye da na siyasa daga fiyano da kwamfuta suke ciro bes ɗinsu. Akwatin dai bai san bambanci ba, haz 41 ɗaya ne ko daga ina ya fito.

Girman akwati lissafi ne

Akwati iri biyu aka fi haɗawa. Akwai rufaffe, wanda iska ba ta fita ta ko'ina. Yana ba da bes mai tsafta, yana yafe wa kafinta ƙaramin kuskure, sai dai yana cin wuta kafin ya yi ƙara. Akwai kuma mai rami, wanda ake yi wa ƙofa ko bututu. Iskar da ke cikin bututun tana amsawa kamar yadda kwalba ke yi idan an hura bakinta, sai ta ƙara wa bes ƙarfi a daidai wani mataki. Shi masu haya suka fi so. Shi ne kuma ya fi saurin ɓaci a hannun mai kwaikwayo, domin faɗin ramin da tsawonsa da girman cikin akwatin duk a ɗaure suke da juna da kuma halin lasifikar da za a saka.

Wannan hali yana da ma'auni. Wasu injiniyoyi biyu a Ostireliya, Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, sun tsara lissafin da ke ɗauke da sunayensu har yau. Lambobi uku ne ginshiƙinsa: Fs, matakin da lasifikar ke girgiza da kanta, Vas, laushin faifanta, da Qts, saurin da take tsayawa bayan an motsa ta. Kamfanin kirki yana buga su a takardar da ke zuwa da kayan. Da su da wata manhaja ta kyauta irin WinISD, mutum zai san lita nawa akwatinsa ke buƙata kafin ya taɓa zarto. Lissafin litar ma ba wuya: akwatin da cikinsa ya kai santimita 60 a faɗi, 60 a tsayi, 50 a zurfi, lita 180 ke nan, sai a cire wurin da lasifikar da katakan tokari suka cinye.

Abin da aka fi yi a gari shi ne a auna akwatin wani kamfani da awo a kwafe, sannan a cusa masa duk lasifikar da kuɗi suka iya saya. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma a samu akwatin da ke buga sauti ɗaya tak, dum-dum, ko mene ne makaɗin ya kaɗa. Akwai haɗari na biyu: ƙasa da matakin da aka daidaita ramin, iskar ciki ba ta ƙara riƙe faifan, sai ya yi ta fizga har ya yage. Maganinsa a yanke sautin da ya gaza wannan mataki tun daga na'urar raba sauti.

Katako kuwa, filawud mai kaurin milimita 18 shi ne abin dogaro. MDF ya fi araha, ya fi daɗin yanka, amma yana da nauyi, kuma damina ɗaya ta Kaduna ta ishe shi ya kumbura idan ana sauke shi a jiƙaƙƙen fili. A sa gam a kowace mahaɗa kafin kusa, a tokare bango da bango daga ciki, domin bangon da ke rawa ƙarfi yake sata. Kafet ɗin da ake lulluɓawa a waje ado ne da kariya, ba ya toshe ɓarakar da iska ke bi.

Lambar da ke jikin kwali

A nan aka fi cutar mai saye. Ana ganin amfilifaya ko lasifika an rubuta mata wat 10,000 da manyan haruffa, a gefe kuma PMPO da ƙanana. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kai, ta talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ko ɗauka a ɗore. Akwai gwajin da ba ya buƙatar makaranta: a duba fis ɗin da ke bayan amfilifayar. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Idan fis ɗin na amp 3 ne, abin da na'urar ke iya ja daga soket bai wuce wat 690 ba, kuma ba ta yadda za ta ci gaba da fitar da abin da ba ta sha ba.

Ko wat ɗin gaskiya ma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Lambar da ta fi amfani ita ce desibel nawa lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Mai ba da 92 sai ta sha ninki huɗu na wutar da mai ba da 98 ke sha kafin su yi kunnen doki. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan bambanci ya koma kuɗin man janareta. Dalilin ke nan da ƙahon ladani ke kai murya unguwa guda da 'yar ƙaramar amfilifaya: siffarsa ba ta ɓarnar wuta, amma ba ya iya bes ko kaɗan.

Sai om. Lasifika biyu masu om 8, idan aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Huɗu sun koma 2. Amfilifayar da aka ƙera don om 4 za ta yi zafi ta mutu idan aka ɗora mata 2, galibi ana tsakiyar taro. Idan kuma aka juya wayar akwati ɗaya, faifansa na shiga yayin da na maƙwabcinsa ke fita, bes ɗin ya ɓace. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa gwaji: a taɓa shi a wayoyin, kowane faifai ya turo waje. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana ƙona koyil kamar yadda babba ke yi, musamman na ƙananan lasifikun da ke fitar da siririn sauti. Kada kuma a cire wayar ƙasa don kashe gunjin da ke shiga sauti. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da wuta ta hau.

Masu yi

Sana'ar a rarrabe take. Lasifika da kayan cikin amfilifaya daga waje suke zuwa, akasari daga Sin, su bi ta kasuwar Alaba a Legas kafin su iso shagunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kewayenta. Saboda haka farashinsu na bin dala, wadda ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Katako da walda da sake naɗin koyil kuwa aikin gida ne, irin wanda Tsohuwar Kasuwar Panteka ta yi suna a kansa, ga ta kuwa dab da babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada. 

Abin da ake yi a nan ba abin rainawa ba ne. A Kingston ta Jamaika, daga ƙarshen shekarun 1940, masu haɗa na'ura irin su Hedley Jones suka riƙa ƙera amfilifaya ga masu kiɗan titi, daga baya King Tubby, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, ya zama ginshiƙin salon kiɗan dub. A ganina hannun kafintocinmu bai gaza ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo, kuma tazarar da ke tsakanin Panteka da ɗakunan gwajin kwalejin ba ta kai a hau mota ba.

Ƙara, doka da kunne

A ɗauki lasifika mai ba da desibel 98, a ba ta wat 500. A lissafi, desibel 125 ke nan a mita ɗaya. A fili, duk ninkin tazara yana rage desibel 6, don haka wanda ke tsaye a mita 16 yana shan kusan 101, daga akwati ɗaya tak. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce kunne na jure desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 saura minti 15. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da ta sa desibel 100 a matsayin iyaka, tana mai gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji. Su wa ke tsayawa a gindin akwatunan ranar gangami, daga hantsi har la'asar? Manya dai suna can ƙarƙashin rumfa, a bayan lasifikun.

Doka tana nan a takarda. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009, jiha kuma na da hukumar kare muhalli ta KEPA. Amma muhawarar da Kaduna ta fi yi a kan lasifika ta addini ce. Ƙudirin daidaita wa'azi da gwamnatin Nasir El-Rufai ta kai majalisa a 2016, don maye gurbin dokar soja ta 1984, ya nemi taƙaita amfani da lasifika don harkar addini a wuraren jama'a bayan ƙarfe 8 na dare. Majalisa ta amince da shi a Yunin 2019, a watan kuma wata babbar kotun jiha ta yanke hukuncin cewa tanadinsa na lasisin wa'azi ya saɓa wa tsarin mulki. Ƙudirin ya dubi wanda ke magana da lokacin da yake yi, bai taɓa gangamin jam'iyya ko dijen biki ba. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta buɗe kamfe kwana 150 kafin ranar zaɓe, ta ƙayyade wa ɗan takarar gwamna kashe naira biliyan ɗaya, kuma hayar kayan sauti na cikin abin da ya kamata ya bayyana a wannan lissafi.

Ga wanda zai je taro, manhajar auna desibel ta waya ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma tana nuna inda aka dosa. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai wajen 85. Idan ka koma gida kunnenka na ƙugi, ya riga ya ji jiki, kuma ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu.