Land Rover da Tarihin Hanya a Tsaunin Mambila

Yawancin 'yan'uwanmu mazauna Jalingo, Yola, Kaduna, Abuja da Legas sukan zo gida ne da rani, lokacin da ƙasa ta bushe. Suna hawowa daga Mayo Selbe a kan kwalta, su ratsa Maisamari da Nguroje su sauka Gembu, daga nan su koma birni da labarin cewa Mambila ta samu hanya. 'Ya'yansu kuwa dariya suke yi wa tsofaffin motocin Land Rover da ke jere a tasha, waɗanda aka ɗaure ƙofofinsu da igiyar roba. Ya kamata manya da yara su san dalilin da ya sa motar da aka daina ƙera irinta tun 1985 ita ce har yau ke haɗa ƙauyukanmu da duniya da damina.

Asalin maganar ya girmi mota. A zamanin kakanninmu, tsaunin nan gabas da kudu yake fuskanta. Fataken goro daga ƙasar Bamenda suke ratsowa ta cikinmu su nufi Banyo da Yola, kayansu a ka ko a bayan jaki. Jamusawa sun sa mu cikin Kamaru, kuma bayan an ci su da yaƙi a 1916 sai yankinmu ya faɗa hannun Ingila a matsayin riƙon amana, aka haɗa mu da Lardin Adamawa. Baturen mulki da ke zuwa rangadi daga Yola a kan doki ko a ƙafa yake hawowa, da jerin masu ɗaukar kaya a bayansa. Hatta 'yan mishan da suka kafa tasha a Warwar ta ɓangaren Kamaru suka shigo, domin ta nan tafiyar ta fi sauƙi.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama. A ta 1959 jama'ar Kamaru ta Arewa suka zaɓi a ɗage magana. A ta Fabrairun 1961 mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, kuma ranar 1 ga Yuni na wannan shekara muka zama Lardin Sardauna. A watan Oktoba Kamaru ta Kudu ta bi Jamhuriyar Kamaru. Cikin wata huɗu ke nan hanyoyin da muka saba bi suka zama na tsallaka iyakar ƙasa. Hedikwatar sabon lardin kuma aka ajiye ta a Mubi, can arewa da Kogin Binuwai. Duk wanda ke da wata buƙata a ofishin gwamnati, ko albashi ne ko shari'a ko takardar makaranta, dole ya gangara daga tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 ta fuskar da ta fi kowace tsauri. An juya mana fuska kafin a gina mana matakala.

A wannan giɓi Land Rover ta shigo. Kamfanin Rover na Ingila ya fito da ita a 1948 domin manoma. Saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa, kuma wannan larura ta Turawa ta zama alheri a ƙasar da ake ruwa wata bakwai zuwa takwas a shekara. En'e da ma'aikatan dabbobi da 'yan mishan su ne suka fara yawo da ita. Daga baya 'yan kasuwa suka shiga sayen waɗanda gwamnati ta yi gwanjonsu, musamman doguwar nan mai lamba 109, suka mayar da su na haya. Akwai lokacin da har a Ibadan ake harhaɗa ta, a masana'antar Leyland.

Wanda bai taɓa zama kusa da direba ba zai so ya san sirrinta. Ban da giyar da kowa ya sani, akwai wasu sanduna biyu a gindin ƙafarsa, ɗaya mai rawayan kai ɗaya mai jan kai. Idan ya danna mai rawayan, tayoyi huɗu duka su kama aiki. Idan ya jawo mai jan kai baya, gudun motar ya ragu, ƙarfinta ya ninka fiye da sau biyu, ta riƙa hawan dutse a hankali kamar hawainiya. Da wannan giya ake gangara ma, domin birkinta ba abin dogaro ba ne in ya sha ruwa. Shi ya sa yaron mota, wanda a tasha ake kira karen mota, yake da daraja a wurinmu fiye da yadda ake ba shi a birni. Shi ke rataye a baya da waigi a hannu, da zarar injin ya shaƙe a tsakiyar hawa ya diro ya cusa shi a bayan taya kafin motar ta fara ja da baya. Rayukan mutum ashirin sukan rataya a kan wannan guntun katako da saurin yaro ɗaya. Mun koyar da da yawa daga cikinsu a firamare, kuma ba mu ga an taɓa kiran ko ɗaya an ba shi lambar yabo a taron shekara ba.

Mu da muka yi aikin makaranta mun san abin da motar nan ta ɗauka. Alli da rajista da takardun jarrabawar shiga sakandare a cikinta suke zuwa, a lulluɓe da leda. Kwanon rufin azuzuwa a kanta yake hawa. Ranar kasuwa ta fita da masara da wake da dankali, ta komo da gishiri da kananzir da siminti. Idan taɓo ya riƙe ta, fasinja su sauka, mai babbar riga da mai gajeren wando, a sari rassa a shimfiɗa a tura. Ƙauyukan da ke hayin Kogin Donga kuwa sai an haɗa da fito.

A nan ne za mu faɗi abin da ba kowa zai so ji ba. Ƙarfin Land Rover ya rufa wa hukumomi asiri. Mun bar Lardin Sardauna muka shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Gongola a 1976, da Taraba a 1991. A duk wannan sauyi, hedikwata ce ke matsowa kusa, daga Maiduguri zuwa Yola zuwa Jalingo, amma hanyar ƙauye tana nan inda aka bar ta. Muddin akwai motar da za ta iya kai akwatin zaɓe da ma'aikacin rigakafi ƙauye, to a takarda ƙauyen yana da hanya. An shimfiɗa kwalta a kan babban layi ɗaya, wanda ya amfani Gembu da Nguroje da masu jigilar ganyen shayin Kakara, kuma mun gode. Sauran rassan an bar wa direba da yaronsa. Mu ma da laifinmu a matsayin al'umma, domin mun mayar da wahalar tafiya abin alfahari, muna ba baƙi labarinta muna dariya.

Tun daga faɗuwar darajar naira a 1986 kayan gyara suka fara gagarar masu motocin. Makanikanmu suka koma yanka mota biyu su tayar da ɗaya. Kamfanin ya rufe layin ƙera Defender, magajiyar tsohuwar, a Janairun 2016, kuma sabuwar da ke ɗauke da sunan motar attajirai ce mai kwamfuta a ciki, ba mai iya kwance ta a ƙarƙashin bishiya. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara wa tsohuwar mai shan mai nauyi.

Za a ce ai babur ya zo. Gaskiya ne, tun shekarun 2000 baburan Sin da na Indiya sun shiga lungunan da ko Land Rover ba ta taɓa takawa ba, kuma samarinmu sun samu sana'a. Amma babur ba ya ɗaukar bandir ɗin kwano goma, ba ya kwantar da mai naƙuda, kuma kuɗin dakon buhu a kansa yakan cinye ribar manomi. Hilux tana da ƙarfi, sai dai kaɗan ne masu yarda su jefa mai tsada irinta cikin ramin taɓo saboda kuɗin fasinja.

Abin da ke tsayar da mota a yawancin hanyoyinmu ba tsawon hanyar ba ne. Wurare ne ƙididdigaggu: rafi marar kwalbati, gadar katako da ta ruɓe, hawa ɗaya mai jar laka da ke buƙatar tsakuwa da magudanar ruwa. Tsofaffin direbobi sun san kowane da sunansa, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon kwamitin ayyuka ya zauna da su kafin taro mai zuwa ya rubuta waɗannan wurare gunduma-gunduma, kowane reshe na birni ya ɗauki ɗaya, ya kuma turo wakilinsa ya gan shi da idonsa a watan Agusta.