Wa ke da tafkin Michigan?

Idan mutum ya mallaki fili a bakin tafki, shin ruwan da ke gabansa ma nasa ne? A birnin Chicago na Amurka, wannan tambaya sai da ta kai gaban kotun ƙoli.

A 1869, majalisar dokokin jihar Illinois ta mallaka wa kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central sama da eka 1,000 na ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan tafkin Michigan, daidai inda layin dogonsa ya bi ta gaɓa. A 1873 majalisar ta soke kyautar. Kamfanin ya ce sam, abin da aka bayar ya bayu.

A 1892 kotun ƙoli ta goyi bayan jiha, alƙalai 4 suka rinjayi 3. Mai shari'a Stephen Field ya bayyana cewa ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan da jirage ke bi amanar jama'a ce a hannun jiha, domin sufuri da fatauci da kamun kifi. Mai riƙon amana kuwa ba ya kyauta da ita. Mai fili a gaɓa yana da ikon gina matsayar jiragen ruwa, muddin bai tare wa jama'a hanya ba.

Tunanin daɗaɗɗe ne. Tun a 533, dokokin Sarkin Rum Justiniyan suka sanya iska da ruwa mai gudu da teku da gaɓarsa cikin abubuwan da kowa ke da haƙƙi a kansu. Duk lokacin da muka ga katanga ta raba masunci da ruwa, mu tambayi mai ita: filin ka saya, ko har da amanar?